Katin Pikachu: Takardar da Ta Fi Zinariya Tsada

    

Yau zancenmu a kan kati ne. Ba katin zaɓe ba, ba katin waya ba. Katin wasan yara ne, ɗan mitsitsi, bai cika tafin hannun babba ba. A jikinsa an zana wani ɗan ɓera na ƙirƙira, ruwan ɗorawa, mai dogayen kunnuwa da jajayen kumatu, wutsiyarsa kamar walƙiya. Sunansa Pikachu. Wanda bai san shi ba ya tambayi yaran gida. Wataƙila ma yana nan manne a jakar makarantar autarku.

A farkon 2026, wani kamfanin gwanjo a Amurka mai suna Goldin ya sa kati ɗaya mai wannan zane a kasuwa. Aka yi ta tayawa, aka yi ta ƙari. Daga ƙarshe, a watan Fabrairu, aka sallama a kan sama da dala miliyan 16. Kati ɗaya tak. In aka juya kuɗin zuwa namu, ya haura naira biliyan 20.

Na san wani ya yi salati yanzu. Wani kuma ya ce ai masu kuɗin duniya sun rasa inda za su kai dukiyarsu. Duka biyun ban ga laifinku ba. Amma akwai na uku, kuma shi ne ya sa na ɗauko wannan zance. Shi ne saurayin da ya ji labarin, zuciyarsa ta raya masa cewa ga hanyar arziki ta samu. To ɗan'uwa, matso kusa da rediyo. Katin da ya yi wannan tsada ba a taɓa sayar da shi a kanti ba. Ba ya cikin fakiti. Ku riƙe wannan magana, don za mu yi ta dawowa kanta.

Bari mu fara daga tushe.

Pikachu ɗan Japan ne. Wani mutum mai suna Satoshi Tajiri, wanda ya tashi a gefen birnin Tokyo, yana yaro ba shi da aiki sai farautar ƙwari a gonaki da kududdufai. Da ya girma, gine-gine sun cinye filayen. Sai ya ƙirƙiro wasan da yaro zai riƙa farautar halittu iri-iri a cikin 'yar na'urar hannu ta Game Boy. Wasan shi ne Pokémon, ya kuma fito a Fabrairun 1996. Wata mai zane, Atsuko Nishida, ita ce ta fitar da siffar Pikachu. A watan Oktoba na shekarar aka fara buga katunan wasan. A 1997 aka fara nuna fim ɗinsa na zane a talabijin, kuma a nan ne Pikachu ya yi wa sauran halittun fintinkau. Zuwa 1999 katunan sun shiga Amurka, yaran makaranta suka rikice.

Yadda ake sayar da su kuwa shi ne a ɗan fakiti rufaffe. Ka biya kuɗinka, ba ka san abin da ke ciki ba sai ka yage. Yawanci katunan gama-gari za ka tarar. Jefi-jefi a dace da mai ƙyalli. Kamfanin Pokémon ya ce zuwa 2025 ya buga katuna fiye da biliyan 75. Ku sake ji: biliyan 75. Wato in da za a raba wa duk mutanen duniya, kowa zai tashi da kusan tara, har da jariri.

To ta yaya abin da aka buga da yawa haka zai yi tsada? Amsar ita ce bai yi ba. Katin Pikachu na gama-gari, ko da na shekarun farko ne, in ya sha hannu, 'yan daloli kaɗan ne kuɗinsa. Masu tsadar wasu ne daban, kuma labarinsu daban ne.

Yanzu mu zo kan sarkinsu.

A ƙarshen 1997 da cikin 1998, wata mujallar yara a Japan mai suna CoroCoro ta shirya gasar zane har sau uku. Aka ce yara su zana katin da suka ƙirƙiro da kansu su aiko. Waɗanda suka yi nasara aka ba su tukuicin wani kati na musamman, ana kiransa Pikachu Illustrator. Nishida ce da kanta ta zana shi. Ga Pikachu nan ɓul-ɓul, yana riƙe da kayan zane, yana murna. Rubutun da ke jiki ba na wasa ba ne. Shaida ce kawai cewa zanen wannan yaro ya yi fice, kuma ana taya shi murna. Ko a fagen wasan ba ya cin komai. Guda 39 aka raba a hukumance.

Ku duba lamarin da kyau. Guda 39, kuma a hannun yara. Yaro kuwa yaro ne ko a Japan. Wani ya cusa nasa a aljihu. Wani ya lanƙwasa. Wani ya ɓatar lokacin da suka tashi daga gida. Waɗanda suka tsira lafiya ƙalau ba su da yawa. Wannan shi ne dalili na farko na tsada: ƙaranci. Kuma ƙarancin na gaske ne, tunda ba wanda zai iya komawa 1998 ya ci gasar.

Haka abin yake ga ƙannensa a tsada. A 1997 an yi babbar gasar wasan katin ta farko a Chiba, kusa da Tokyo. Na ɗaya da na biyu da na uku aka ba su katunan da ke nuna Pikachu ɗauke da kofi. Irin waɗannan katunan kofi na shekarun farko, an sha sayar da ɗaya a kan dala dubu ɗaruruwa. Su ma kyauta aka ba da su. Su ma ba a taɓa jera su a kanti ba. Ba sa cikin fakiti.

Sai dalili na biyu, kuma a nan nake so mu ɗan zauna, don nan ne abin mamakin yake.

A jihar Kalifoniya akwai wani kamfani da ake kira PSA. Aikinsa tantance katuna. Ka aika masa katinka, ma'aikatansa su sa shi ƙarƙashin fitila da gilashin ƙara girma. Su duba kusurwoyi huɗu, ko ɗaya ta daku. Su duba gefe, ko ya yi fari. Su duba fuska, ko akwai ƙarzuwa. Su auna ko zanen ya zauna daidai a tsakiya. Sannan su ba shi maki, daga 1 zuwa 10. Su rufe shi a cikin roba mai tauri, su manna lamba. Daga ranar ba mai sake taɓa takardar da hannu.

A cikin duk katunan Illustrator da wannan kamfani ya duba, ɗaya ne kacal ya samu maki 10. Shi ne wanda muka buɗe zance da shi.

Ga yadda ya shiga hannun mai shi na baya. Logan Paul, wani Ba'amurke da ya yi suna a YouTube, daga baya ya shiga dambe da kokawa, shi ne ya ƙwallafa rai a kansa. A 2021 ya fara sayen wani Illustrator mai maki 9, a kan dala miliyan ɗaya da dubu 275. Ya ɗauke shi ya tafi Dubai, wurin mai riƙe da na maki 10. Ya miƙa nasa, ya ɗora dala miliyan 4 a kai, aka yi musaya.

Jama'a, ku tsaya ku auna. Zane ɗaya ne. Takarda ɗaya ce. Shekara ɗaya aka buga su. In aka ajiye maka su a kan tabarma, da kyar idonka zai raba su. Amma tsakanin 9 da 10 akwai dala miliyan 4. Me aka saya da wannan kuɗi? Ba takarda ba. Lamba aka saya. Hukuncin wani ma'aikaci aka saya, wanda ya duba ya ce wannan ba shi da aibi.

Ni a nan nake da ja. Mai tantancewa mutum ne, yana da ido biyu kamar kowa, yana gajiya kamar kowa. Sanannen abu ne a wannan kasuwa cewa mutum kan fasa robar, ya sake aika kati ɗaya, ya dawo da maki daban. Kuma kuɗin tantancewa yana tafiya ne da darajar katin: in ya yi tsada, ladan kamfanin ya ƙaru. Ban ce ana maguɗi ba. Na ce dai dukiya mai yawa tana rataye a kan amana, kuma ranar da amanar ta girgiza, farashi zai girgiza tare da ita.

Dalili na uku shi ne labari. Logan Paul bai kai katinsa banki ya ɓoye ba. A Afrilun 2022 ya rataya shi a wuya da sarƙa, ya shiga filin kokawar WrestleMania a jihar Texas, dubban mutane na kallo, miliyoyi na gani a talabijin. Kundin bajinta na Guinness ya ba shi shaidar cewa ba a taɓa cinikin katin Pokémon mai tsadar wannan ba. Tun daga ranar, katin ya zama mai suna. Wanda bai san komai game da wasan ba ma ya san shi. Saboda haka wanda ya saya a 2026 ya sayi ƙaranci, ya sayi lamba, ya kuma sayi suna.

Kuna son ku gane cewa ba kayan jikin katin ne ke da daraja ba? Ga misali. A 2016, don bikin cikar Pokémon shekara 20, wani shagon zinariya na Tokyo mai suna Ginza Tanaka ya ƙera katin Pikachu da zinariya tsantsa, mai nauyin giram 11. Aka sa masa kuɗi yen dubu 216, wajen dala dubu biyu ke nan a lokacin. Na zinariya dala dubu biyu. Na takarda kuwa, a wannan shekarar ce aka yi gwanjon wani Illustrator mai maki 9 a kan kusan dala dubu 55. Bayan shekara biyar, irinsa ya haura miliyan ɗaya.

Me ya faru a cikin shekara biyar ɗin nan? Abu biyu. Yaran da suka yi wasa da katunan a 1999 sun girma. Sun kama aiki, wasunsu sun yi kuɗi, kuma kowa yana kewar ƙuruciyarsa. Abin da uba ya hana ka saya kana ɗan shekara tara, yau ga albashi a hannunka. Sannan korona ta zo a 2020, aka kulle mutane a gida. Aka shiga binciken tsofaffin akwatuna. Masu bidiyo a intanet suka riƙa yage fakiti a gaban kyamara suna ihu. Kasuwa ta kama da wuta. Katunan da aka riƙa aika wa PSA suka yi yawan da a 2021 sai da ya dakatar da karɓar yawancinsu na wani lokaci.

To masu sauraro, mu juya mu dubi ɗaya fuskar. Duk inda aka ce ga kuɗi a ƙasa, kun san abin da ke biyo baya.

A watan Mayun 2021, manyan shagunan Target na Amurka suka daina sayar da katunan a cikin shago na ɗan lokaci. Dalili shi ne wani faɗa da ya kaure a kan katuna a wurin ajiye motoci na wani reshensu a jihar Wisconsin, har aka zaro bindiga.

A 2023, gidan adana zane-zanen shahararren mai zane Van Gogh da ke Amsterdam ya cika shekara 50. A Satumba suka haɗa kai da kamfanin Pokémon, aka buga katin Pikachu sanye da hula ruwan toka, a salon zanen Van Gogh. Niyyar ita ce a jawo yara su zo su ga zane. Ranar farko sai ga ƙarti sun cika wurin, ana ture-ture, ana wawaso. 'Yan baranda ne, masu karɓa da safe su sa a intanet da yamma. Kafin wata ya zagayo, gidan ya daina raba katin saboda tsaron ma'aikata da baƙi. Shi kuwa Van Gogh, Allah sarki, har ya mutu a 1890 ƙaninsa ne ke ciyar da shi.

Wanda ya fi ba ni takaici shi ne na Japan, a Agustan 2025. Gidajen abincin McDonald's suka ce duk wanda ya sayi abincin yara za a haɗa masa da kati. An shirya kwana uku, amma a wurare da yawa katunan sun ƙare tun ranar farko. Manya suka riƙa sayen abinci jibgi-jibgi, su zare katin, su watsar da abincin a kan teburi da bakin titi. Sai da kamfanin ya fito ya ba da haƙuri. Abinci, jama'a. A zubar da abinci saboda takarda. Yaron da aka yi abin dominsa kuma ya koma gida hannu rabbana.

Ku lura da wani abu. Duk waɗannan masu rububin, ba wanda zai samu Illustrator a cikinsu. Labarin miliyoyin ne ya ruɗe su, amma abin da suke wawaso an buga shi dubbai a kan dubbai. Wancan kuwa guda 39 ne, kuma ba ya cikin fakiti.

Sai maganar jabu. Kada ku ɗauka ƙananan mutane kawai ake damfara. Shi kansa Logan Paul ya biya dala miliyan uku da rabi a kan wani kwali da aka ce tsofaffin fakitocin bugun farko ne a ciki, ba a taɓa buɗewa ba. Har da shaidar masu tantancewa. A Janairun 2022 aka buɗe a gaban kyamara. Me aka tarar? Katunan wani wasan sojoji na yara da ake kira G.I. Joe. Shi an mayar masa da kuɗinsa, amma ba kowa ke da irin wannan gata ba. A farkon 2025 kuma aka gano cewa wasu katunan da ake sayarwa da tsada a matsayin samfurin gwaji na 1996, ashe a 2024 aka buga su. Abin da ya tona asiri shi ne wasu ɗige-ɗige da ido ba ya gani, waɗanda na'urar buga takarda ke bari a jikin duk abin da ta buga. Su ma suna cikin roba, da lambarsu, da makinsu.

Farashin ma ba ya tsayawa wuri ɗaya. Katin Charizard, wani dodo mai aman wuta, bugun farko mai maki 10, ya kai dala dubu 420 a Maris na 2022. Bayan nan farashin irinsa ya sauka sosai, waɗanda suka saya a ganiyar tsada suka kwana a ciki. Kati ba ya haihuwa. Ba ya ba da haya, ba ya fitar da amfanin gona. Ribarka ɗaya ce: wani ya zo gobe ya taya fiye da yadda ka saya. In bai zo ba, kana nan da robarka.

Akwai kuma tambayar da na san tana zuciyar da yawa daga cikinmu. Shin wannan ba caca ba ce? Ba yau aka fara tambayar ba. A 2001 hukumar fatawa ta Saudiyya ta haramta wasannin Pokémon da katunansa, kuma kama da caca na cikin dalilan da ta bayar. Ni ba malami ba ne, hukunci na malamai ne. Amma duk wanda ya zauna gaban malami ya ji abin da ake faɗa game da cinikin kifi a ruwa da tsuntsu a sama. Yaron da ya sayi fakiti don ya yi wasa da abokansa, ya samu abin da ya biya. Babban da ya sayi kwali goma don ya dace da kati ɗaya mai tsada, shi ya san sunan abin da yake yi. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Wani zai ce, to mu ina ruwanmu, abin da ke faruwa a Tokyo da Amsterdam? Da ruwanmu, saboda waya ta haɗe duniya, kuma mun san irin wannan zazzaɓi. Sau nawa aka yi ta yaɗa cewa ana neman tsohon dutsen guga mai zakara, ko tsohon keken ɗinki, ko kwabo mai huji, wai akwai mai saye da miliyoyi? Mutum ya sayar da akuyarsa ya sayi dutsen guga, mai sayen kuma har yau yana hanya. Ƙarfin irin wannan yaudara shi ne akwai ƙwayar gaskiya a cikinta. E, an sayar da katin Pikachu a kan miliyoyin daloli. Wannan gaskiya ne. Abin da mayaudari ba zai gaya maka ba shi ne wane kati ne, guda nawa ne a duniya, kuma hannun wa da wa ya bi.

Kada kuma a ce na yi wa masu tara kaya kuɗin goro. Tara abin da kake so ba laifi ba ne. Akwai masu tara kan sarki, akwai masu tara tsofaffin kuɗi, akwai masu tara littattafai, kuma da irinsu ne tarihi ke tsira. Mutumin da ya adana katinsa shekara ashirin saboda yana tuna masa da ƙuruciya, na fahimce shi, har ma ya burge ni. Wanda ban fahimta ba shi ne mai ture yaro a layi.

Saboda haka ga saƙona gare ku kafin lokaci ya cimma mana. Matasa, in wani ya turo muku hoton kati a WhatsApp ko Facebook, ya ce ku kawo kuɗi a haɗa jari, ko ya ce yana da mai saye a Dubai, ku tambaye shi sunan katin, da shekararsa, da lambar tantancewarsa. Ita lambar ana iya duba ta a shafin kamfanin da ya bayar, kyauta. Ko ta yi daidai ma kada ku yi gaggawa, don ɓarayi na kwafar lambar gaske su manna a jabu. In ya fara hanzarta ku, yana cewa yau ne kawai dama, ku riƙe kuɗinku.

Iyaye kuma, in kun ga 'yan katunan nan a hannun yaranku, irin waɗanda ake sayarwa a bakin makaranta, kada ku ƙwace ku kulle a akwati da sunan ajiyar arziki. Yawancinsu kwaikwayo ne, ba su da wata daraja a waccan kasuwa. Ku dai sa ido kada wasan ya koma na ci da kuɗi. In kuma kuna da yaro mai son zane, wanda ke cika bayan littafinsa da hotuna, ku saya masa fensir da takarda, ku riƙa duba abin da ya zana.